Babi na Shida: Abin Cizo ga Tagwaye Masu Haƙori

A gidan da aka haifi tagwaye akwai dokar da ba a rubuta ba, amma kowa ya san ta: abin da aka yi wa Hassan a yi wa Husaini. In riga ce biyu, in hula ce biyu, launi ɗaya, ɗinki ɗaya. Tsofaffi sukan ce in aka fifita ɗaya ɗayan zai yi fushi, har a kawo zancen kunamar tagwaye. Ko mutum bai ɗauki zancen kunama ba, adalci tsakanin 'ya'ya umarni ne na addini. Sai dai idan aka zo kan abin da za su sa a baki, dokar tana son ɗan gyara. A sayi na kowa, amma kada su yi kama a ido. Kafin mu kai ga dalili, bari mu fara da sanin ciwon da muke nema wa sauƙi, domin uwar da ba ta san girman ciwo ba ita ce ake sayar wa abin da ya fi ciwon haɗari.

Yawancin jarirai suna fara haƙori wajen wata 6. Wasu tun wata 4, wasu sai sun doshi shekara. Biyu na gaba a ƙasa sukan fara leƙowa, na sama su biyo baya, a haka har haƙoran yarinta guda 20 su cika tsakanin shekara biyu da rabi zuwa uku. Tagwaye suna da nasu lissafin. Rabinsu ko fiye ana haihuwarsu kafin ciki ya cika mako 37, wasu ma bakwaini ne, kuma haƙori ya fi bin lokacin da ya kamata a haife su fiye da ranar da aka yanka ragon suna. Don haka in Hassana ta kai wata 8 bakinta fayau, alhali ɗan maƙwabciya sa'anta yana da huɗu, babu abin tashin hankali. Haka nan in ɗaya ya riga ɗan'uwansa da makonni. Tagwayen da ba daga ƙwai ɗaya suka fito ba, ba su fi wa da ƙani kama da juna ba a wannan sha'ani. Idan dai yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ba ko ɗaya, to a kai shi wurin likitan haƙori ya duba.

Abin da fitowar haƙori take jawowa an san shi. Miyau yana dalala har ya jiƙa gaban riga, dasashi ya ɗan kumbura ya yi ja, yaro ya riƙa cizon duk abin da hannunsa ya kai, ya yi rigima, barcinsa ya rikice, wani lokaci ya kama nono ya saki yana kuka. Jiki yakan yi ɗumi kaɗan. Wannan kan ɗauki 'yan kwanaki kafin haƙorin ya huda da 'yan kwanaki bayan ya huda, sannan ya lafa sai na gaba. Cizon da yaro yake yi kuwa magani ne da ya gano wa kansa: haƙori yana turowa daga ƙasa, danna dasashin daga sama yana rage masa zugi, sanyi kuma yana kwantar da kumburi. Aikin abin cizo bai wuce waɗannan biyun ba, dannawa da sanyi. Fitila mai walƙiya, kiɗa, ƙararrawa da ruwa mai launi a ciki duk don idon mai saye aka yi su.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a babin nan. Haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo zawo mai tsanani, ba ya kawo amai ko jijjiga. Na san wannan ya saɓa wa abin da kakanninmu suke faɗa, kuma ba su kaɗai suka faɗa ba. Tun zamanin Hippocrates, likitan Girka na da, ake ɗora wa haƙori zazzaɓi da gudawa. A shekarar 1842 a birnin Landan, kusan kashi 5 cikin ɗari na jariran da suka rasu kafin su cika shekara, haƙori aka rubuta a matsayin ajalinsu. Abin da ke ruɗar da mutane shi ne haɗuwar lokaci. Wata 6 shi ne lokacin da kariyar da jariri ya samo daga jikin uwarsa take raguwa. Shi ne lokacin da ake fara ba shi kunu da ruwa. Shi ne lokacin da ya fara zama da jan ciki, yana ɗaukar takalmi da murfin kwalba yana kaiwa baki. Ƙwayoyin cuta suna samun hanya ta ko'ina, haƙori kuma yana fitowa a daidai wannan tsakanin, sai laifin ya faɗa kansa. A ƙasarmu, inda zazzaɓin cizon sauro yake iya kayar da jariri cikin kwana biyu, kalmar "ai haƙori ne" ta sa an zauna a gida da yaran da ya kamata a ce tun safe suna asibiti.

Uwar biyu tana da wata shaida da sauran uwaye ba su da ita. Idan Hassan ya fara zawo yau, gobe Husaini ya ɗauka, ki tambayi kanki: haƙori yana yaɗuwa ne? Abin da ya tashi daga wannan ya koma wancan cuta ce, kuma tana bin hannu, cokali, ruwa da abin da suke karɓa daga bakin juna. Ita ake yi wa magani, da ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, da zuwa asibiti a gwada jini in akwai zazzaɓi.

Wannan imani da cewa haƙori cuta ce shi ya buɗe kasuwar maganin haƙori, kuma mun biya farashinta da rayuka. A watan Nuwamba na 2008 asibitocin koyarwa na Zariya da Legas da Ibadan suka fara karɓar ƙananan yara da zazzaɓi da amai, waɗanda fitsari ya ɗauke musu gaba ɗaya. Ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya kai ga wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas yake haɗawa. An samu sinadarin diethylene glycol a cikinsa, guba ce da ake amfani da ita a man birkin mota. Gwamnati ta ce aƙalla yara 84 suka rasu. A 2013 kotu ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba. Tausayin 'ya'yansu ne ya kai su kemis, suka sayi abin da suka ga kowa yana saye. Irin wannan gubar ce ta sake kashe yara wajen 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar ruwan maganin tari. Tun kafin nan ma, a Ingila an daɗe ana ba jarirai garin haƙori mai zaiba a ciki, yana sa hannuwansu da ƙafafunsu su yi ja su riƙa saɓa, sai da aka janye shi a shekarun 1950 ciwon ya ɓace. Shi ya sa nake ba abin cizo muhimmanci haka. Ɗan abu ne mai araha, amma uwar da ta riƙe shi a hannu ba ta cika miƙa hannu ga kwalbar da ba ta san abin da ke ciki ba.

To, wane iri za a saya? Sharaɗi na farko, ya zama dunƙule guda, wanda aka zuba shi a lokaci ɗaya, babu wani sashe da aka liƙa ko aka ɗinka ko aka zura a zare. Duk abin da aka haɗa yana iya rabuwa, kuma dasashin jariri yana da ƙarfin da ba a zato. Masu gwada kayan wasa a Turai da Amurka suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, wato santimita uku da ɗan ɗori. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ba, don zai iya toshe masa maƙogwaro. Ke ba ki da bututun, amma kina da ido: in abu zai shige bakin yaro duka, ko wani ɓangarensa zai ɓalle ya shige, ajiye shi. Haka mai dogon hannu siriri da zai kai can cikin maƙoshi idan yaro ya kifa da shi a baki. Zobe mai faɗi wanda ƙaramin hannu zai iya damƙa shi ne ya fi dacewa da farkon haƙori. Bayan shekara, lokacin da haƙoran tauna na ciki da fiƙa za su fito, sai a nemi mai ɗan tudu da zai kai gefen baki, amma mai faffaɗan gindi da zai hana shi zurmawa.

Na biyu, da me aka yi shi. Silikon na abinci shi na fi so ga tagwaye, domin ba shi da wari, yana jure tafasa, kuma wanke shi ba wuya, abin da uwa mai hannu biyu da jarirai biyu take bukata kenan. Robar bishiya ma tana da kyau, tana da laushi, sai dai rana da zafi suna lalata ta, in ta fara danƙo ko tsagewa a yar. Katako marar fenti, wanda aka goge ya yi sumul ba ya tsaga, shi ma ya yi. Abin gudu shi ne robar nan mai laushi mai ƙyalli da take warin sabuwar leda. Yawanci PVC ce, kuma ana tausasa ta da wasu sinadarai da suke fita cikin miyau idan ana tauna. Tarayyar Turai ta hana irin waɗannan sinadarai a kayan wasan da jarirai suke sa wa a baki tun 1999, ta kuma hana sinadarin BPA a kwalbar shayar da jarirai a 2011. Kayan da aka hana a can ba ɓacewa suke yi daga duniya ba, suna neman kasuwar da ba a cika bincike ba. Rubutun da ke jikin kwali yana taimakawa, amma kowa yana iya buga rubutu, don haka ki haɗa da hancinki da hannunki. Ki sansana. Ki ja shi, ki murɗa, ki lanƙwasa. Ki goga shi da farin ƙyalle mai laima, in launi ya fito a ƙyallen to cikin yaro zai tafi. Maganar fenti ba ƙarama ba ce, saboda wani fentin yana da dalma. A 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasan Fisher-Price kusan miliyan ɗaya saboda dalma a fentinsu. Mu kuwa da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba ma bukatar dogon bayani. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma kaɗan ɗinta ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Kayan gwanjo suna rufa asiri a tufafi, ban hana ba. Abin da zai shiga baki dai a saye shi sabo, don ba a san shekarunsa ba, ba a san inda ya kwana ba.

Akwai iri uku da suke jan ido a kanti waɗanda ba na ba da shawarar su. Mai ruwa a ciki, wanda ake cewa a sa a firji, da zarar haƙori ya fito yana iya huda shi yaro ya sha ruwan da ba a san irinsa ba. Mai ƙaramin rami da yake ƙara in an matsa, miyau da ruwan wanki suna shiga ta ramin ba sa fita. Ko shahararriyar robar nan mai siffar raƙumin dawa da ake kira Sophie, wadda ake yi a Faransa tun 1961, a 2017 wasu iyaye sun yanka tasu suka tarar da baƙin fumfuna a ciki. Na uku shi ne mai fitila ko kiɗa, saboda ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa biyu yana iya ƙona masa hanyar abinci.

Sai abin wuya. An shigo da wata sarƙa ta duwatsu masu ruwan zuma da ake cewa tana tsotse zafin haƙori ta fata. Babu hujjar da ta tabbatar da haka. Abin da ya tabbata shi ne a watan Disamba na 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan sarƙoƙi, bayan wani yaro ɗan wata 18 ya rasu da tasa ta shaƙe shi yana barci. Mu ma muna da namu: laya, guru, tsakiya da murjani da kaka takan ɗaura wa jika don ƙauna. Ba gardamar abin da ke cikin layar nake yi ba, igiyar ce damuwata. Ga tagwaye haɗarin ya ninka, domin akwai wani hannu a kusa da ba ya gajiya da ja. Husaini yana ganin abu yana lilo a wuyan Hassan zai damƙa, kuma bai san saki ba. Wannan magana ce da ake yi wa tsohuwa cikin ladabi: "Inna, ki yi haƙuri, likita ya ce kada a bar komai a wuyansu, saboda suna jan juna." Yawancin kakanni in aka ambaci jan juna suna ganewa, don sun gani da idonsu. In ana so a maƙala abin cizo a riga don kada ya faɗi ƙasa, a yi amfani da gajeriyar maɗauri mai faɗi da ba ta wuce santimita 22 ba, a cire ta lokacin barci.

Sanyi yana ƙara wa abin cizo amfani, amma firji ake sa shi na ɗan lokaci, ba firiza ba. Wanda ya daskare yana yin tauri ya ƙuje dasashi, sanyinsa kuma yana iya ƙona leɓe. Inda wuta ba ta zama, kada uwa ta ga kamar an bar ta a baya. Tsabtataccen ƙyalle mai kauri, wanda ba ya zare, a tsoma shi a tafasasshen ruwan da ya huce, a matse, a ba yaro ya tauna kina kallo, yana yin aikin da robar kanti take yi. Ki zuba tafasasshen ruwan a kwalba mai murfi ki jefa ta cikin randa ta yi sanyi, maimakon tsoma ƙyallen a ruwan da kowa yake sa moɗa. Bayan cokalin ƙarfe mai sanyi ma yana yi kafin haƙori ya fito. Wanda ya fi duka kuwa yatsanki ne, a wanke da sabulu, a yanke farce, a murza dasashin a hankali na minti ɗaya ko biyu. Yaro yana samun dannawar, yana kuma samun jikin uwarsa.

Abin da aka saba miƙa wa yaro a tsakar gida yana son lura. Ɗanyen karas, rake da ƙashin kaza duk suna gutsurewa, musamman bayan haƙori biyu sun fito. Makullan gida da na babur datti ne, wasu kuma akwai dalma a ƙarfensu. Kada a shafa zuma a dasashi ko a jikin abin cizo kafin yaro ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da take shanye jikin jariri. Sukari kuma yana fara cin haƙorin tun ranar da ya fito.

Mu koma kan dokar gidan tagwaye. A ware wa kowa launinsa tun farko, misali kore na Hassana, rawaya na Husaina, a tsaya a kai har 'yar raino da yayyensu su haddace. Siffa da girma su zama ɗaya don kada a yi ƙwace, launi ne kawai zai bambanta. In hali ya yi a sayi bibbiyu ga kowa, ɗaya a baki ɗaya a wanke, saboda abin cizo rabin rayuwarsa a ƙasa yake yi. Za su yi musaya, wannan ba makawa, kuma ranar da duka suke lafiya ba abin da za ki hana kanki sukuni a kai ba ne. Ranar da launin yake aiki ita ce ranar da ɗaya yake zawo, ko mura, ko ciwon bakin nan mai farin tabo kamar guntun kindirmo a harshe. A ranar a raba musu komai, a raba shimfiɗar wasa, a wanke na marar lafiya daban. Akwai kuma cizon juna. Mai haƙori ba ya bambanta roba da yatsan ɗan'uwansa, don haka kada a tsawata masa kamar ya yi mugunta, a zare yatsan a sa masa nasa abin cizon, a ɗan nisanta su.

Wanki da sabulu da ruwa mai tsabta kullum, da duk lokacin da ya faɗi. Silikon ana iya tafasa shi minti 5 in mai yin sa ya yarda. Katako ba a jiƙa shi, goge shi ake yi a shanya. Kada babba ya lashe abin cizo da sunan share shi, don ƙwayoyin da suke ruɓar da haƙori ta miyau suke wucewa daga babba zuwa yaro. Kowace safiya a ja shi a duba, in ya tsage a yar a ranar.

Wani dare duk wannan ba zai isa ba, yaro zai ƙi barci saboda zugi. A nan farasitamol na yara ya halatta, bisa adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Ana auna shi da nauyin yaro, kuma tagwaye sau da yawa nauyinsu ba ɗaya ba ne, don haka a tambayi na kowa daban, a auna da sirinjin magani ba cokalin shayi ba, kada a wuce sau huɗu a yini da kwana. Haɗarin da ya keɓanta da tagwaye shi ne a ba ɗaya sau biyu a bar ɗaya, musamman cikin dare ko in masu kama ne kuma hannu ya yi yawa a kansu. A ajiye takarda kusa da kwalbar, duk wanda ya bayar ya rubuta suna da lokaci. Asfirin ba na yara ba ne sam. Man shafawa a dasashi mai sinadarin benzocaine kuwa, tun 2018 hukumar Amurka ta ce kada a yi amfani da shi ga ɗan ƙasa da shekara 2, domin yana iya hana jini ɗaukar iska.

Baban biyu, sayayyar nan galibi kai kake yin ta, kuma kai mai kemis yake miƙa wa kwalba yana cewa ta haƙori ce. Ka mayar masa, ka sayo zobban silikon masu launi biyu da ma'aunin zafin jiki guda ɗaya. Idan ma'aunin ya nuna digiri 38 ko fiye, ko yaro yana zawo kamar ruwa, ko yana amai, ko ya ƙi nono gaba ɗaya, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya yi laushi ba ya kuzari, kada ka tsaya jiran haƙori ya huda. Ka ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, ka sa ido a kan ɗan'uwansa.